Ƙarfin doki ko ɗokin mai saye: shin gwada mota kafin saye yaudarar kai ce?

Mai Saye: Salamu alaikum. Mota nake so in canza, salun matsakaiciya wadda za ta ɗauki iyali amma tana da ɗan zafi in an taka ta. Uku na ware, duk na hannu, ƙirar 2018 zuwa 2021: Honda Accord mai injin lita 2.0 da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), Toyota Camry mai injin V6 (silinda shida), da Mazda6 mai turbo. Niyyata in tuƙa kowacce kafin in yanke shawara, sai jiya Injiniya ya ce min ɓata lokaci ne, wai gwajin minti goma sha biyar yaudarar kai ce, in duba alƙaluma kawai in biya. Na ce ya zo ya maimaita a gaban manya.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ban janye ba. Mutumin da ya shekara takwas cikin motar da ƙafarta ta gaji, ko wacce ka ɗora shi a kai cikin ukun nan zai sauko yana cewa ya samu. Dillali ne zai zaɓa maka hanya, kuma mai santsi zai zaɓa. Yana gefenka yana zuba, kai kuma zuciyarka ta riga ta saya. Wannan ba ƙarfin doki kake ji ba, ɗokinka ne ke tuƙa ka. Cikin minti goma sha biyar ba za ka san shan manta ba, ba za ka san yadda za ta tsufa ba. Takarda kuwa ba ta da ɗoki: Camry V6 doki 301, Accord 252, Mazda 250 in ka ba ta fetur mai oktan 93, wato mai daraja sosai, in ba haka ba 227. Masu auna motoci da na'ura suke aiki. Kujerar da kake zaune a kai ba na'ura ba ce.

Baba Direba: Ɗana, abin da kake kira wa yaron nan sunansa cinikin biri a sama. Na fi shekara talatin a bayan sitiyari, ban taɓa jin mota ta yi tafiya da lambar da aka rubuta mata ba. Akwai wadda da ka ɗora ƙafa take amsawa, akwai wadda sai ta yi shawara tukuna. Ranar da kake bayan tirela a hanya mai layi ɗaya, wata motar kuma tana tahowa can, wannan 'yar shawarar ita ce komai.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba. Amma ai shi ma wancan an auna shi.

Oga Bakanike: An auna, sai dai ba lambar da ka kawo ba ce. Dokin nan 301 na Camry ba ya fitowa duka sai injin ya kai juyi 6,600 a minti. Sau nawa mai iyali yake kai allurar juyin inji can? Abin da ƙafa ke ji kullum ƙarfin murɗa ne, wato ƙarfin da inji ke juya taya da shi. Na Camry 362 ne a ma'aunin Nm, yana cika a juyi 4,700. Na Accord 370, kuma tun daga 1,500 ya cika, yana nan har 4,000. Mazda ta fi su duka, 420 a juyi 2,000, amma in allura ta yi sama sai numfashinta ya fara raguwa. Shi ya sa duk da ratar doki 49, da mujallun motoci na Amurka suka auna Accord da Camry daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa, dukansu ba su cika daƙiƙa 6 ba, kuma Accord ba ta zo baya ba. Wanda ya bi lambarka zai ɗauka Camry ta yi mata fintinkau.

Injiniya: Oga, na gode da ka yi min aikina. Duk abin da ka lissafa daga ina ka samo shi? Daga takarda. Ba ka ce ka ji 370 a ƙugunka ba. Abin da ka nuna shi ne a iya karanta takarda, kuma ban musa ba.

Oga Bakanike: Nan ka kama ni. To ga wanda ba ya cikinta. Accord giya goma gare ta, Camry takwas, Mazda shida. Takarda ta tsaya nan. Ba za ta gaya maka in kana tafiya a 80 ka danne totur, giya nawa za ta sauke kuma tsawon wane lokaci za ta ɗauka ba. Ba za ta gaya maka ko a cunkoso tana fizga tsakanin ta ɗaya da ta biyu ba. Motoci biyu masu lamba ɗaya sai ka tarar ɗaya tana farautar giya a kan tudu, sama ƙasa, sama ƙasa, har ka gaji da ita.

Auta: Ni fa duk ban ga mai zafi a ukun nan ba, Yaya. Duk jan gaba ne. Tayar da ke juya mota ita ce ke jan ta, ina daɗin yake? In gaske kake ka nemi BMW 330i ko Kia Stinger, masu jan baya. Ita Stinger ma da hannun Albert Biermann a gyaran tafiyarta, injiniyan da ya bar sashen M na BMW mai ƙera motocin gudu ya koma Hyundai, 'yar'uwar Kia, a 2015.

Baba Direba: Auta, mutum ya ce tuwonsa uku ne a gabansa, kai kana kiran na maƙwabta.

Hajiya: Ku bar shi, Baba, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa ko da ba ta amsa tambayar ba. Mota mai jan gaba in ƙarfin murɗarta ya yi yawa, da ka taka ta da ƙarfi kana fitowa daga kwana sai ka ji sitiyari na neman ƙwacewa gefe guda, ko tayar ciki ta yi ƙara tana juyawa a banza. Wata tana yi sosai, wata kaɗan. Wannan ma hannu ne ke gane shi. Amma 330i ta fi su ƙanƙanta a baya, shi kuma yara gare shi.

Bari in ba ku nawa, ba zan faɗi sunan motar ba don laifin ba nata ba ne. Na gwada ta da yamma a kan titi sabo fil, dillali na gefe, rediyo a kunne. Minti goma na ce na saya. Wili 19 ne a ƙafarta, taya siririya, kyau kamar ka lasa. Sati biyu da fara zuwa aiki da ita na gane kowane haɗin kwalta sai ya iso bayana. Kujerar kuma gajera ce, ba ta tallafe cinya, in na yi awa ɗaya sai ƙafar dama ta yi sanyi. Shekara biyu ina haƙuri da ita da ɗan matashi a bayana.

Injiniya: Hajiya, kin gama min shari'a. Kin gwada, kin ji daɗi, kin saya, kin yi da-na-sani. Me ya rage?

Hajiya: Saurin me kake yi, ƙanena? Ban gwada ba, zagaye aka ba ni. Da na zo canzawa sai na ce ni zan zaɓi hanya, kuma hanyar da nake bi kullum ce: akwai gargada, akwai tudun rage gudu guda uku, akwai shataletale, akwai ɗan miƙaƙƙen titi. Motoci biyun da nake dubawa na tuƙa su da safe ɗaya, tsakaninsu bai kai rabin awa ba, na kashe rediyo, na roƙi dillalin ya yi shiru. Jiki ba ya riƙe yadda mota take na kwana uku. In ka tuƙa ɗaya Litinin ɗaya Alhamis, ta Alhamis ce za ta ci, don ita ce a kusa. Amma in ka sauko daga wannan ka hau waccan, kan tudu guda, a gudu guda, bambancin da kansa zai yi maka sallama. Na ma koma kan ta farkon na sake zagayawa, don kada ta biyun ta ci albarkacin zuwa ƙarshe.

Oga Bakanike: Maganar tayar nan ta Hajiya a tsaya a kanta. Accord ɗaya ce, amma mai sunan LX tana zuwa da taya 225/50 (faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 50 cikin ɗari na faɗin) a wili 17, mai sunan Sport kuma 235/40 a wili 19. Lissafa gefen tayar: ta farko kusan milimita 112, ta biyu 94. Wannan 'yar ratar ita ce katifar da ke tsakanin wili da rami. Mai siririyar ta fi kama kwana, ta fi amsa sitiyari, amma ta fi duka kuma wilinta ya fi saurin lanƙwashewa. Mai sunan Touring kuma shokozobanta mai sauya tauri ne. Kenan wanda ya tuƙa ɗaya ya sayi ɗayar, ba motar da ya gwada ya saya ba. Sunan ma kada ya ruɗe ka: akwai Accord Sport mai ƙaramin injin 1.5 da giyar CVT marar matakai, doki 192, akwai Camry XSE mai silinda huɗu. Buɗe bonet ka gani da idonka.

Injiniya: Milimita 112 da 94. Takarda ce dai har yanzu.

Baba Direba: Takarda ta ce 94. Ba ta ce bayan Hajiya zai ɗauka ko ba zai ɗauka ba.

Injiniya: Wannan na karɓa, Baba. Kujera, tauri, ƙarar da ke shigowa, waɗannan na mutum ne, ba ni da lambar da zan ba shi. Amma ku ma ku karɓi nawa. Maɓallin Sport ɗin nan da dillali ke saurin danna wa mutum ba ya ƙara doki ko ɗaya. Totur yake sa wa ya yi saurin amsawa, ya riƙe giya, ya ƙara wa sitiyari nauyi. Wasu motocin ma har ƙarar injin suke turowa ta sifika. Mutum ya sauko yana cewa wuta ce, alhali kunnensa aka yi wa wasa. Na biyu kuma ya fi damuna: motocin nan na hannu ne. Ɗaya tana kan taya mai kyau, ɗaya an sa mata ta araha, ɗaya shokozobanta ya fara tsiyaya. Zai tuƙa su ya ce Mazda ta fi Camry, alhali tayoyi ya gwada, ba motoci ba.

Oga Bakanike: Nan kam ina bayan Injiniya, kuma ban san maganinsa duka ba sai dai a rage. Ka tafi da geji a aljihu. A jikin ƙofar direba akwai 'yar takarda da ta faɗi iskar da ta dace, ka auna duka huɗun kafin ka tayar. Ka tsuguna ka karanta sunan tayar da lambobi huɗun ƙarshe na shekararta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ka ce kada a tayar maka da injin kafin ka iso, ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar da sanyi, don yawancin ƙarar da ake ɓoyewa a tashin farko take fitowa. Birki kuma ka taka shi da gaske sau ɗaya a inda ba kowa, ka ji ko sitiyari na rawa. Amma kashi biyu ne aikin, kada ka haɗa su: akwai tambayar wace ƙira ta dace da kai, akwai tambayar wannan ƙwaya ɗayar lafiyarta ƙalau.

Auta: Ni dai in za a je a tafi da ni, in ji V6 ɗin nan kafin ya ƙare. Camry ta 2025 duk haibirid ce, mai haɗa fetur da lantarki, Accord ma ta ajiye 2.0 turbo tun ƙirar 2023.

Mai Saye: Na dawo, jiya na yi. Dillalai biyu ne amma kusa suke, na tuƙa ukun kafin rana ta yi zafi, hanya ɗaya kamar yadda Hajiya ta ce. Gejin Oga ya yi rana: ɗaya daga cikinsu takardar ƙofa ta ce 33, na tarar da 44 a gaba. Zagayen farko kamar amalanke, da aka sauke iskar sai ta zama wata mota daban. Da ban auna ba da na jefar da ita a kan laifin da ba nata ba, wannan na ba Injiniya.

Ratar dokin kuwa wallahi ban ji ta ba. Abin da na ji: Camry tana tashi sumul, kuma in allura ta haura 4,000 ƙarar V6 ɗin daban ce, Auta sai washe baki yake. Mazda ce ta fi kwanta min a hannu, sitiyarinta na zuwa daidai inda na nufa, kuma daga ƙasa take turawa ba sai na matsa mata ba. Accord ta fi su gaggawa in na danne a 80, bayanta kuma fili ne, na gyara kujerar direba daidai ni na koma baya na zauna, gwiwata ba ta taɓa komai ba. Camry na ajiye, ba don wani aibu ba, sai don ban ga ranar da zan riƙa kai allura inda daɗinta yake ba. Saura biyu, kuma na kasa.

Injiniya: Inci 40.4 ne wurin ƙafa a bayan Accord, Mazda 38.7. But ɗin Accord ma ya fi girma. Da ka tambaye ni da na gaya maka ba tare da ka ƙona mai ba. Mota uku ka tuƙa, ga ka nan ba ka yanke ba.

Mai Saye: Na san lambar tun kafin in je. Abin da ban sani ba shi ne ko inci ɗaya da ɗoriyar nan ya isa in haƙura da sitiyarin Mazda. Asabar zan koma da kujerar jaririn in ɗaura ta a kowacce. Kai ka fi kowa tsawo a cikinmu, Injiniya, ka shirya ƙarfe tara, a bayan direba za ka zauna.