Idan wutar daji ta taso wa gidajen tsofaffi a Kalifoniya, wa ke fitar da su?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. A Amurka tsofaffi da yawa suna zaune ne a rukunin gidajen da aka gina musu, wasu da ƙarfinsu, wasu sai an ɗaga an kwantar. Idan wutar daji ta taso cikin dare, yaya ake kwashe su? Kuma me ya sa kusan duk bayan gobara sai an ji iyalai suna kuka da masu gidajen?

Inna Mai Jinya:
Wa alaikumus salam, Malam. Aikin dare ne ke tona asirin kowane shiri. A daren 8 ga Oktoban 2017 wutar Tubbs ta shiga garin Santa Rosa. A gidan tsofaffi na Villa Capri ma'aikata 4 ne ke bakin aiki, tsofaffi kuma 62. Lantarki ya ɗauke, lif ya tsaya, masu keken guragu suna saman bene. Ga babbar mota a ajiye a harabar gidan, amma babu wanda ya san inda makullinta yake. Binciken hukumar jin daɗin jama'a ta jihar ya gano cewa ma'aikata sun tafi sun bar fiye da mutum 20, 'yan uwansu da jami'an agaji ne suka fitar da su kafin ginin ya ƙone ƙurmus.

Daga nan ne jihar ta yi dokar AB 3098 a 2018. Yanzu dole gida ya iya riƙe kansa awa 72 ba tare da taimakon waje ba. Kowane rukunin ma'aikata, har da na dare, sai ya yi atisaye duk wata uku. Makullan ɗakuna, na motoci da na ƙofofin fita su kasance inda mai aiki a wannan lokacin zai sa hannu ya ɗauka. A kowace matakalar bene a ajiye kujerar da ake saukar da wanda ba ya iya tafiya. A tanadi wurin komawa guda biyu, ɗaya a nesa da yankin, domin gidan maƙwabta shi ma yana bakin wutar.

Abin da doka ba za ta iya ba shi ne lissafin lokaci. Saukar da mutum ɗaya a wannan kujera yakan buƙaci ma'aikata biyu. Mai cutar mantuwa kuwa yana iya ƙin fita, ko a fitar da shi ya sulale ya koma ɗakinsa. Shi ya sa gidan da ya san aikinsa yake fara loda mutane tun a matakin gargaɗi, ba ya jiran umarnin tashi. Kuma a ƙirga da suna sau uku: a ƙofar ɗaki, a bakin mota, sannan a masauki. A wutar Eaton ta Janairun 2025, 'yan sanda sun tarar da wata tsohuwa mai shekara 100 a wani gidan tsofaffi na garin Altadena bayan an riga an kwashe sauran.

Malam Injiniya:
Inna ta gama magana a kan masu buƙatar kulawa. A ƙara da waɗanda ke zaune a gidajensu na kansu cikin rukunin, suna tuƙa motarsu. Ƙofar gareji mai lantarki ta hallaka wasu a 2017: lantarki ya ɗauke, tsoho ba shi da ƙarfin ɗaga ƙofar da hannu. Tun Yulin 2019 duk injin ƙofar da za a sayar ko a girka a jihar sai yana da batir. Amma mafi sauƙi, ranar da aka yi gargaɗin iska mai ƙarfi a fito da mota waje, hancinta na kallon titi, tanki cike.

Sai tsofaffin da numfashinsu ya dogara da oksijin. Na'urar ɗaki da lantarki take aiki. Tukunyar da ake ja a hannu, mai lita kusan 680, idan ana shan lita 2 a minti ba ta wuce awa biyar da 'yan kai. A gobarar garin Paradise ta Nuwamban 2018, wadda ta ci rai 85, galibinsu tsofaffi, mutane sun shafe awanni a cunkoson hanya. To a lissafa.

Lauyan Zaure:
Malam Bakatsine, kukan iyalai iri biyu ne: ba a sanar da mu inda aka kai uwarmu ba, sannan an faɗa mana abin da ba haka ya faru ba. Na farko maganinsa mai arha ne: jerin lambobin iyalai a takarda, ba a kwamfutar ofis kaɗai ba, da mutum ɗaya a wajen yankin wanda aikinsa kiran waya kawai.

Na biyun ne ke kai su kotu. Kamfanin Oakmont, mai Villa Capri, ya fara da musanta zargin. Daga baya, a Nuwamban 2018, ya sasanta da hukumar, aka bar masa lasisi bisa sharaɗin sa ido na shekara biyu. Sanarwar da ke cewa kowa ya fita lafiya tana iya zama gaskiya, amma ba ta amsa tambayar wa ya fitar da su ba, kuma ɗan da ya goyo uwarsa daga bene ya san amsar. Gara gida ya fitar da jadawalin abin da ya faru awa bayan awa: ƙarfe nawa aka samu labari, ma'aikata nawa ne, wa aka bari, me aka gyara.

Bakatsine:
Na gode, Allah ya ƙara sani. Ke nan mai neman wa iyayensa wuri ya tambayi adadin ma'aikatan dare?

Inna Mai Jinya:
Ƙwarai. Ya kuma nemi ganin takardar atisayen dare na ƙarshe, sannan ya tambayi wa ke da lasisin tuƙa babbar motar da ƙarfe biyu na dare.