Tahiya da iyali wurin taron aiki a Yamai: abin da aka ce

Salamu alaikum ƴan'uwa, na bi tun daga farko maganar da aka yi kan ko ma'aikacin da aka tura taron aiki a Yamai zai iya tahiya da matarsa, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda ka shaida ma shugabanka za ka tahi da matarka tun kafin a sa hannu ga takardar misiyo (takardar tura ka aiki), kada ya gan ta a otal ba zato.

2. Kuɗi. Nan ba a yi gardama ba, tikitin kar (motar bas) daga Tahoua da abincinta daga aljihunka ne, ba cikin kuɗin ma'aikata ba. Wasu sun ce a tambayi otal ko ɗakin mutum biyu yana ƙara kuɗi.

3. Inda aka rabu shi ne zamanta da rana. Wasu sun ce zalunci ne ka kwaso mata hanyar sama da kilomita 500 ka aje ta a ɗaki tun safe har magariba kana can Palais des Congrès wurin taro, wasu kuma suka ce ai Yamai ba a rasa dangi, ta kai ziyara, ta shiga babbar kasuwa ko gidan tarihi na Boubou Hama. Ni dai ina tare da masu cewa a tambaye ta tukuna, don wallahi kaɗaici a baƙon gari ba daɗi.

4. Walimar dare, in ba a rubuta da iyali ba kada a je da ita.

5. Mata ma'aikata sun ce in maigida ne ya rako su, ko mai jego ta zo da mai riƙon jariri, tsarin duk ɗaya ne.