Muhawara: wai mutanen Tahiti ne suka koya wa Turawa bugun katako?

Malam Sani: Jama'a ni fa na tsaya a kan maganata, ba don tsibiran Polinesiya ba da zanen zamani na Turai bai kai inda ya kai ba. Ku dubi Gauguin, mai zanen nan na Faransa, ya tafi Tahiti a 1891 ya dawo Faransa a 1893, sai ga hotunan Noa Noa, wato labarin zamansa a Tahiti, guda 10 da ya sassaƙa a katako ya shafa tawada ya buga a takarda, kafin nan wa ke irin wannan aikin?

Hajiya Binta: Haba Malam. Turawa sun daɗe suna bugun katako tun kafin zamanin Dürer, mai zanen Jamus na wajen 1500, kuma hotunan Japan sun cika Faris kafin Gauguin ya hau jirgi. A Faransa ma ya sassaƙa su ba a Tahiti ba.

Malam Sani: Hajiya ai ba fasahar nake nufi ba, hannun nake nufi. Bugun katako na da can layi ne siriri tsaf-tsaf, shi kuwa ya riƙa kwakule katakon da kurfi, ya karce da allura, ya goge wani wajen, baƙi ya yi yawa mutum na fitowa kamar daga cikin duhu. Wannan kaurin jiki da manyan idanu daga gumakan tiki na tsibiran Markesas da ke Polinesiya ya gano su.

Auwalu: Yaya Sani akwai gyara. Lokacin da Gauguin ya isa Tahiti mishan sun daɗe da shiga, Faransa ta haɗiye tsibirin tun 1880, addinin gargajiyan ya kusa ƙarewa. Labaran alloli irin su Hina daga littafin wani Bature Moerenhout ya kwaso, har hotunan haikalin Borobudur na tsibirin Jaba a Indonesiya ya yi amfani da su. To Tahitin nan tasa ce ko ta mutanen?

Hajiya Binta: Yawwa Auwalu. Su ma 'yan Die Brücke, ƙungiyar masu zane ta Jamus da aka kafa a Dresden 1905, sassaƙaƙƙun ginshiƙan da ɗayansu Kirchner ya gani a gidan tarihin Dresden daga tsibiran Palau suke, Palau kuwa Maikoronesiya ce ba Polinesiya ba.

Malam Sani: Na ji, amma ko ya haɗa-haɗa ai wani ne ya sassaƙa tikin da ya kalla, kuma abin da ke ci min rai kenan, sunan Gauguin kowa ya sani, masassaƙan Markesas ɗin babu mai ambatonsu.

Auwalu: A nan kam muna tare Yaya. Amma "sun koya masa bugu" ɗin ne ban yarda ba har yanzu.