Na kwafe Windows zuwa SSD, da na zare tsohon faifai sai kwamfuta ta ƙi tashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masana a taimaka min. Kwamfutar tebur ce mai Windows 10, da faifan HDD mai TB 1. Na ƙara mata SSD, wato sabon nau'in faifai mai sauri, irin na SATA mai GB 500, na sa manhajar kwafar faifai ta kwashe min C: zuwa cikinsa. Idan faifan biyu suna jone tana tashi, amma nauyinta na nan kamar ban canja komai ba. Ina zare tsohon kuwa, sai baƙin allo da rubutun "Reboot and Select proper Boot device". An ce in yi fomat in ɗora sabuwa, ni kuma akwai manhajoji da saituttukan da ba na son rasawa. Da mafita?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Da mafita, amma kada ka taɓa tsohon faifan nan tukuna, shi ne madogararka idan wani abu ya kwaɓe.

Ga dukkan alamu C: kaɗai ka kwafe, alhali C: ba ya tayar da kansa. Akwai ɗan ƙaramin ɓangare a faifai wanda ba shi da harafi, shi ya sa ba ka ganinsa cikin folda. A kwamfutar da ke kan UEFI, wato sabon salon BIOS da ke fara tayar da kwamfuta, sunansa EFI, tsarinsa FAT32, yawanci MB 100 ne. Nan fayilolin tashi suke, har da BCD, wanda ke nuna wa kwamfuta inda Windows take. Naka yana can a tsohon faifai, kuma tsohuwar Windows yake nunawa. Nauyin da kake gani ke nan: har yau a kan HDD kake aiki, SSD ɗin zaman 'yan kallo yake.

Duba mana abu uku. Danna Windows da R ka rubuta msinfo32, ka ga abin da ke gaban BIOS Mode. Buɗe diskmgmt.msc ka ƙirga ɓangarorin kowane faifai. Sannan ka buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni, da ikon admin ka rubuta manage-bde -status, mu ga ko BitLocker mai kulle faifai a kunne yake.

Mai tambaya: BIOS Mode UEFI ne. Tsohon yana da uku: MB 100 mai suna EFI, sai C:, sai wani na Recovery a ƙarshe. SSD ɓangare ɗaya ne tal, ya cinye faifan duka. BitLocker a kashe yake.

Injiniya: Madalla, hasashen ya tabbata. EFI za mu gina wa SSD ɗin.

Ka samu filash mai aƙalla GB 8, ka haɗa Windows a kansa da Media Creation Tool. Zai share duk abin da ke cikin filashin, ka kwashe kayanka tun da wuri. Kashe kwamfutar, ka zare wayar SATA ta tsohon faifai. Wannan dole ne, don umarni ɗaya a kan faifan da ba shi ba ya isa a tafi gyaran gira a rasa ido. Idan ka kira jerin na'urorin tashi, filashin kan fito sau biyu. Zaɓi wanda aka rubuta UEFI a gabansa. Da shafin farko ya bayyana, danna Shift da F10, cmd zai buɗe.

Rubuta diskpart, sai list disk. Ka dubi layin SSD, a ƙarƙashin Gpt ya kamata ka ga tauraro, alamar cewa faifan na kan GPT, tsarin raba faifai da UEFI ke aiki da shi. In akwai, rubuta list volume ka gane harafin da Windows ɗinka ta samu a nan, don ba lallai ya zama C ba. Mu ƙaddara faifai na 0 ne, harafin kuma D:

select disk 0
select volume D
shrink desired=260
create partition efi size=260
format quick fs=fat32
assign letter=S
exit
bcdboot D:\Windows /s S: /f UEFI

Idan ka ga "Boot files successfully created", aikin ya yi. In shrink ya ƙi, galibi akwai kuskure a tsarin fayil: fita daga diskpart, ka gudanar da chkdsk D: /f, ka dawo. Kafin bcdboot ka rubuta dir D:\Windows don tabbatar da harafin, saboda a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Kuma kada ka ɓata lokaci da bootrec /fixboot da ake yawan yaɗawa, a sababbin fitowar Windows 10 "Access is denied" zai ce maka.

In kuwa babu tauraro, manhajar ta mayar da SSD ɗin MBR ke nan, wato tsohon tsarin raba faifai, umarnin ƙirƙirar EFI ba zai karɓu ba. Ka tsaya nan ka faɗa mana.

Baba mai gyara: Injiniya, duk abin da ka faɗa daidai ne, amma ni a ganina hanyar ta yi nisa ga wanda bai saba da cmd ba. Ɗana, tunda tsohon faifan lafiyarsa lau, me zai hana ka sake kwafar daga farko, wannan karon ka zaɓi faifan gaba ɗaya maimakon ɓangare ɗaya? EFI da Recovery duk za su biyo. Sharaɗin kawai abin da ke cikin C: ya gaza girman SSD ɗin, kuma GB 500 ɗin nan a Windows kusan 465 za ka gani. Bidiyo da manyan fayiloli ka fitar da su kafin ka fara.

Injiniya: Gaskiya ne, Baba, kuma idan lafiyayyen faifai ne ni ma ita zan fi so. Abin da ya sa ban fara da ita ba, tsohon HDD mai irin wannan nauyi ba a san cikinsa ba, kuma sake karance shi kaf wahala ce a kansa. Malam, sa CrystalDiskInfo ka duba. In ya nuna Good, bi ta Baba idan ka ga dama. In ya nuna Caution, musamman a layin Reallocated ko Pending Sector, kwafin da ke hannunka ya fi tsuntsu biyu a sama, shi za ka gyara.

Mai tambaya: Caution ya nuna, don haka na bi ta bcdboot. Akwai tauraro, komai ya tafi daidai. Yanzu tambarin Windows yana fitowa, amma daga nan sai baƙin allo da kibiyar linzami kawai. Na jira minti ashirin, shiru.

Malama mai kula da zaure: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka kusa. Wannan rikicin harafi ne, kuma ya kan biyo bayan kwafar C: shi kaɗai. A cikin rajistar Windows akwai wurin da ake kira MountedDevices, inda take ajiye cewa harafi kaza na ɓangare kaza ne. Kwafin ya zo da tsohon lissafi, wanda ya ce C: na tsohon faifai ne. Sai ta ba sabon wani harafi daban, ta shiga neman fayilolinta a C: ɗin da babu shi.

Koma filash, Shift da F10, ka sake tabbatar da harafin da dir, sannan:

reg load HKLM\TSOHO D:\Windows\System32\config\SYSTEM
reg delete HKLM\TSOHO\MountedDevices /va /f
reg unload HKLM\TSOHO

Kada ka manta layi na ukun. Share wannan lissafin ba ya taɓa fayilolinka, Windows za ta rubuta sabo da kanta, ta ba wanda ta tashi daga kansa harafin C. Amma fa tsohon faifai ya ci gaba da zama a zare har sai ka shiga.

Idan a maimakon haka shuɗin allo ka gani mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, wani ciwon ne daban. A duba ko yanayin SATA a BIOS ya sauya tsakanin AHCI da RAID, a mayar da shi yadda yake lokacin da aka ɗora Windows.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, ta shiga! Allah ya saka muku da alheri. Yanzu zan iya mayar da tsohon in goge shi?

Malama mai kula da zaure: Amin. Ka ba shi mako guda a aljihun tebur tukuna, ka tabbatar komai na aiki. Kafin ka goge shi kuma akwai abin da za ka ɗauko. Rubuta reagentc /info don ganin ko Recovery, wato yanayin gyaran Windows, a kunne yake. Tunda ɓangaren Recovery bai biyo ka ba, da wuya ka same shi a kunne. Fayil ɗin da kake buƙata Winre.wim ne, yana cikin foldar Recovery\WindowsRE a ɓangaren ƙarshe na tsohon faifai. Ba wa ɓangaren harafi da diskpart, ka kwafo fayil ɗin da xcopy /h, don ɓoyayye ne, zuwa C:\Windows\System32\Recovery, sai reagentc /enable. Ranar da za ka jona tsohon, shiga BIOS ka ɗora Windows Boot Manager na SSD a sama, in ba haka ba tana iya komawa gidan jiya ba ka sani ba.

Faifan da ya nuna Caution kuwa, ko ka goge shi, kada ya zama shi kaɗai ke riƙe da wani abu mai muhimmanci.

Injiniya: Ƙari biyu. Rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, sifili na nufin TRIM, wanda ke taimaka wa SSD share gurbin fayilolin da aka goge, na aiki. Buɗe dfrgui kuma ka ga ko ta gane SSD ne. In har yanzu tana kiransa Hard disk drive, gudanar da winsat formal.

Sai maganar Windows 10 ɗin kanta: Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tunda kana kan UEFI da GPT, ka ci rabin hanyar Windows 11. Buɗe tpm.msc ka ga ko akwai TPM 2.0, sashen tsaro da Windows 11 ke buƙata. In ta ce babu, leƙa BIOS, sau da yawa a kashe yake kawai, sunansa PTT a Intel, fTPM a AMD. Sauran ya rage ga furosesa, Intel daga ƙarni na 8 ake karɓa. Turo mana lambar naka daga msinfo32 mu duba.