Sifanu na ta karyewa a kan Land Rover ta soja, in sayi masu garanti?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Marigayi mahaifina direban soja ne, a irin wannan motar muka tashi, shi ya sa da na ga Land Rover Series III ƙirar 1976 a gwanjo ban iya haƙura ba, na sa kuɗin da aka ware na rufin ɗaki. Har yau uwargida ba ta huce ba. To, saitin sifana da soket da na sayo duk ya watse, wasu sun buɗe baki, hannun soket ya karye, kan notin giyabos ya cinye. Ƙanina da ke Ingila ya ce zai aiko min da saitin sifana na Halfords Advanced mai garanti na har abada, wani kuma ya ce sai na kamfanin Snap-on. Wanne zan ɗauka?

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, ba inganci ne matsalarka ba, awo ne. Motar nan ba ta san milimita ba. Jikinta yawanci awon inci ne, giyabos kuma Whitworth, tsohon awon Ingila. Akwai notin da faɗin kansa milimita 13.3 ne: lamba 13 ba ta shiga, 14 ta yi sako-sako, kana dannawa ta cinye kan. Ko Snap-on ka sa a haka, haka za ta yi. Ka ce wa ƙaninka ya nemo sifanun King Dick, a Birmingham ake ƙera su, suna da Whitworth. Soket kuma mai kusurwa shida.

Ɗan Zariya: Garantin Ingila me zai yi maka a nan? Sifana ɗaya ta karye, kuɗin mayar da ita ya fi kuɗinta. Je ka kasuwar Panteka ko ta Kofar Ruwa ka tsinci tsofaffin sifanun Gedore na Jamus.

Abu Hanif: Hattara da jabu dai. Ni ma an sayar min da wata da tambarin Jamus, ranar farko ta lanƙwashe. Na koma, mai shagon ya ce bai taɓa ganina ba. Maƙwabcin surukina ne fa! Har gaisuwar rasuwa na je gidansu.

Baban Khalifa: Oga, da girmanka, saitin nan ba na banza ba ne, kuma 14 ɗin ta zauna daidai, da idona na gani. Bututu kawai na zura a hannun don ƙarin ƙarfi.

Oga Bakanike: Bututu! Ai kamfani na ganin alamarsa zai ce kai ka karya da hannunka. Ka jiƙa notin da mai ya kwana, in ya ƙi ka ɗan gasa shi da wuta.

Ɗan Zariya: Wuta kusa da tanki? Na sojan da yawa tankinsu ƙarƙashin kujera yake, Oga.

Oga Bakanike: Kafin a haife ka nake wannan aikin.

Baban Khalifa: Na gode duka. Ai ƙanina ya riga ya biya kuɗin Halfords ɗin tun jiya. Yanzu notin da ya cinye, yaya zan fitar da shi?