Neman kalma: me za mu kira lilon da ake sako mutum daga ƙololuwar bene?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena da ke zuwa sarin kaya Guangzhou ya turo bidiyo a zauren gidanmu na WhatsApp. An ɗaure shi da wasu mutane a kujeru can saman Canton Tower, doguwar hasumiyar birnin, an ja su sama a hankali, an ɗan tsaya, sai kawai aka sake su. Hajiyarmu ta kalla, ta yi salati, ta ce, "Wannan abin kuma mene ne sunansa?" Muka yi shiru. Bature na ce masa drop tower. Mu fa? Kwana uku ke nan ina juya maganar, ga inda na tsaya, ku gyara mini.

Bari in fara da siffanta abin, domin ba a raɗa wa jariri suna ba a gan shi ba. Doguwar sanda ce ta ƙarfe a tsaye, da jerin kujeru a jikinta. Wani maƙali ne ke kama kujerun ya haura da su har ƙarshen sandar. Can sai ya buɗe baki. Kujerun su taho ƙasa da nauyinsu, ba igiya, ba injin da ke riƙe da su, sai dab da ƙasa birki ya tare su.

A wuraren wasan da ake kafa lilon a ƙasa, sai an gina sandar ta yi tsawo sosai kafin gaban mutum ya faɗi. Ta Dreamworld a Ostareliya, wadda aka buɗe a 1998, ta kusa mita 120. Masu ɗora abin a kan dogon gini kuwa aron tsayi suke yi. Canton Tower ta kai mita 600. Lilonta, Sky Drop, yana tashi daga wani dandali a mita 455 ya kai mutum mita 485, wato mita 30 kacal ake sako shi. Abin da aka saki daga mita 30, sakan biyu da rabi ya isa ƙasa. Amma ido ba mita 30 yake gani ba. Ido na ganin kogin Pearl kamar zare, motoci kamar tururuwa, ƙafafunka na reto a kan birni guda. Ginin ne ya ba da tsoron, injin ɗan kaɗan ya ƙara.

To, suna. Na fara da "hasumiyar faɗuwa", fassarar kai tsaye. Na faɗa wa kawuna, ya ce, "Subhanallahi, a ina ta faɗi?" Nan take na ajiye ta. Duk Bahaushen da ya ji haka, ginin ne zai ɗauka ya rushe.

Sai na koma kan lilo. Na san asalin lilo kai da komowa ne, a reshen bishiya ko a igiya. Amma bakin mutane ya riga ya faɗaɗa kalmar. Yaron da aka kai wurin wasa ranar Sallah, ko mai juyawa ya hau, ko mai hawa da sauka, cewa zai yi ya hau lilo. Ban ga dalilin yin gardama da abin da yara da iyayensu suka riga suka yanke ba. Rabin sunan ya samu. Saura aikatau, kuma nan ne aikin yake.

Muna da faɗo, diro, rikito, suɓuto, sako. Ku lura dukansu da wasalin o suka ƙare, wanda ke nuna abu ya nufo inda mai magana yake. Mai kallo na ƙasa, abin na tahowa gare shi. Harshenmu ya riga ya ɗauke mana nauyin faɗin "daga sama zuwa ƙasa" da harafi ɗaya. Bambancinsu shi ne: wa ya yi nufin abin?

Diro, kai ka yi niyya, kai ka ɗaga ƙafa. Wannan ya dace da wani wasan daban. A hasumiyar Stratosphere ta Las Vegas, wadda yanzu ake kira The STRAT, akwai SkyJump, inda ake ɗaura wa mutum waya ya taka bakin gini ya diro da kansa daga sama da mita 250. Wancan shi ne diro. A namu kana zaune, an danne kafaɗunka da ƙarfe, ba ka da ta cewa.

Rikito da suɓuto kuwa hatsari ne, kuma ina roƙon kada mu taɓa su. A watan Maris na 2022, a birnin Orlando na jihar Florida, wani yaro ɗan shekara 14 ya zame daga kujerar irin wannan lilo mai tsayin mita 131, ya rasu. Bincike ya nuna an taɓa na'urar kujerar da hannu, har ta yarda lilon ya tashi alhali ƙarfen kafaɗar bai rufe yadda ya kamata ba. An kwance lilon a 2023. Wannan yaron shi ne ya rikito. Idan muka raɗa wa wasan kansa "lilon rikito", ranar da irin wannan ta faru, da wace kalma mai ba da labari zai bambanta wanda ya sauka lafiya da wanda bai sauka ba?

Cikin waɗanda na nemi shawararsu, wani malami ya kawo "lilon guga", wato gugan rijiya; ga amsata gare shi. Malam, Allah ya ƙara basira, na daɗe ban ji siffa mai kyau irin wannan ba: a jawo a hankali, a jefa da sauri. Har na kusa sallamawa. Abu biyu suka tsayar da ni. Na farko, guga ba ya rabuwa da igiyarsa, in ya rabu an yi asara ke nan. Kujerun nan kuwa rabuwa suke yi da abin da ya ja su, kuma rabuwar ce wasan. Na biyu, a rubuce ba a bambanta gugan rijiya da gugar abu da abu, kuma a nan ruɗanin zai yi ɓarna, don birkin mafi yawan waɗannan liluna ba ya gugar komai. Faranti ne na ƙarfe irin su jan ƙarfe ke ratsawa ta tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi, ba tare da sun taɓa juna ba. Ratsawar ce ke haifar da ƙarfin da ke ja da baya, kuma gwargwadon gudun kujerar, gwargwadon riƙon. Ba ya buƙatar lantarki. Ko an ɗauke wuta mutum na tsakiyar tahowa, maganaɗisun na nan yana jiransa. Wannan ne abin da na bayyana wa Hajiya kafin hankalinta ya kwanta.

Yayata ta ce a ce "lilon saki". Ma'anar daidai take, amma Yaya, kin san inda kunnen mutane zai fara zuwa in an ce saki. Kalma ce mai nauyi a gidajenmu, ba na son a jingina ta da wasa. Shi ya sa na ƙara mata wasalin nan: sako. An sako shi daga sama. Akwai wanda ya riƙe ka, da gangan ya buɗe hannu, kuma ƙasa ka nufa. Duk abubuwa ukun suna cikin kalma mai gaɓa biyu.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya yi tambaya mai kyau: masu rubutu a waya da ba sa sa lanƙwasa fa, ba za su haɗa sako da saƙo ba? Za su rubuta su iri ɗaya, gaskiya ne. Amma ba wanda zai karanta "ya hau lilon sako" ya zaci wasiƙa ake nufi. Jimlar na tsare kanta.

Saura gyara ɗaya, don kada mu tara abu biyu a suna ɗaya. Big Shot da ke kan waccan hasumiya ta Las Vegas tun 1996 ba jan mutum yake yi a hankali ba. Hasumiyar mita 350 ce. Mutum 16 ke zama a mita 281, sai matsattsiyar iska ta harba su sama mita 49 da gudun kilomita 72 a awa, har jiki ya ji kamar nauyinsa ya ninka huɗu, sannan su dawo suna ɗan tashi da sauka. Wannan cilla mutum ake yi. Shi ne "lilon cilli". Bature kan haɗa su duka a gida ɗaya, amma wanda ya hau su biyun zai gaya maka cikinsa bai ji su iri ɗaya ba, kuma tunda muna da kalmomin, ban ga amfanin yin rowarsu ba.

Don haka ga abin da nake ba da shawara: lilon sako ga wanda ake ja sama a saki, lilon cilli ga wanda ake harbawa. In a kan gini yake, a ƙara "na kan bene" ko "na kan hasumiya", shi ke nan. Na gwada a bakin Hajiya da yamman nan, ba tare da na yi mata wani bayani ba. Na ce, "Hajiya, lilon sako ɗanki ya hau." Ta ce, "To, a gaya masa in ya gama sarin kayansa ya dawo gida, kada a sake sako mini shi."

'Yan'uwa na Maraɗi, Sakkwato da Zangon Kumasi, in akwai wata kalma a bakinku da ta fi wannan zama, ku kawo ta kafin in tura wa ƙanen nawa sunan abin da ya hau.