Tambaya a kan Edward Heath da shekaru 51 da ya yi a majalisar Birtaniya

Ɗan Kusugu, Daura:
Assalamu alaikum. Kwanan nan nake karanta tarihin Edward Heath na jam'iyyar Conservative ta masu ra'ayin riƙau, wanda ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 1950, bai bar ta ba sai 2001. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ya riƙe Firayim Minista daga 1970 zuwa 1974, Margaret Thatcher ta karɓe shugabancin jam'iyyar daga hannunsa a 1975, amma ya ƙara shekara 26 a zauren ba tare da muƙamin minista ba. Me zai sa babban mutum ya yarda da haka?

Malamin Tarihi, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. A tsarinsu, Firayim Minista ɗan majalisa ne tun farko, saboda haka idan mulki ya kuɓuce masa, kujerar mazaɓarsa tana nan. Mu ma haka muka yi a Jamhuriya ta Farko, zamanin marigayi Tafawa Ɓalewa, kafin mu koma tsarin shugaban ƙasa a 1979. Heath ya fara cin mazaɓar Bexley da ratar ƙuri'u 133 kacal, kuma mutanen yankin ba su daina zaɓensa ba har ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a zauren daga 1992. Wannan riƙon amana shi ya fi burge ni, domin wakilinmu tun ranar da ya raba atamfa a bakin rumfar zaɓe ba mu sake ganinsa ba.

Hajiya Mai Nazari, Katsina:
Malam, a yi mini afuwa, amma ina ganin ba amanar mazaɓa kaɗai ta zaunar da shi ba. Shi ne ya shigar da Birtaniya ƙungiyar kasuwancin Turai a Janairun 1973, kuma ya zauna ne ya kare wannan aikin, yana sukar Thatcher a bainar jama'a ko da yake jam'iyyarsu ɗaya. Zaman bai tashi a banza ba, tunda a 1990 ya je Bagadaza ya gana da Saddam Husseini, ya dawo da wasu 'yan ƙasarsa da aka tsare.

Ɗan Kusugu, Daura:
Na gode, Hajiya. Batun Turai ne ban lura da shi ba, zan koma in sake karanta wannan ɓangaren.